Kan Wayar Sharjin da Ke Ƙonewa Kusa da Rumbuna

Zuwa ga Mai girma Shugaban kamfanin da ya saida mani keke mai ƙafa uku mai aiki da batiri,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ni manomi ne nan Filinge, ƙasar Kurfai, uban ɗiya shida. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, malam ya gaji da ni kafin in gaji da shi, don haka a yi haƙuri da rubutun.

Na ɗaya: tun ƙarshen damana kan wayar da nake cusa wa keken yake zafi har ba ya taɓuwa. Na duba cikinsa, ƙarfen hagu ya yi baƙi, robar gefensa ta narke tana wari. Wurin da nake sharji kuwa jikin rumbun hatsina ne, cimakar gidana ta shekara, kuma rufinsa na ciyawa ne.

Na biyu: wakilinku ya zo, ya hura, ya kankare da makulli, ya ce akuyata ce ta tauna. Na yarda, don ya sa tabarau. Na ɗaure akuya, har na zage ta gaban ɗiyanta.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta ƙi kwanciya. Ranar kasuwa munka haɗu da masu irin keken. Wani mutumin Bonkuku an ce mashi rairayi ne. Na Sanam an ce yaransa ke wasa da shi, har ya doki babban. Wani an ce mashi akuya, alhali ko kaza bai da. Munka jera wayoyin bisa tabarma: duka ƙarfen hagu ne ya ƙone. Ranka ya daɗe, wace akuya ce ke yawo daga Bonkuku har Sanam tana zaɓen hagu? Ina zargin kun san da aibin tun kafin kayan su baro Yamai.

Roƙona: ku canza muna kawunan nan da masu kyau, ba da 'yan'uwansu ba. Ku sanar da duk wanda ya saya, ya daina sharji kusa da ciyawa. In kuma kun tsaya kan lafiyarsu lau, zan aiko maku da nawa a motar kasuwa, ku jona shi a ɗakin da ɗiyanku ke kwana.

Ni dai na cire shi. Allah ya ƙara maku kasuwa, ya tsare gidanku da nawa daga gobara.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi daga Kurfai