Baƙuwa a Kan Goɗiyata

Maskat, 19 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Tabassum, a Chikmagalur.

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Ammi, yaya yara?

Zan fara da laifina. Da kika aiko hoton baƙuwar nan 'yar yawon buɗe ido a kan Bijli, goɗiyar da na yi renonta da hannuna, suna ratsa gonarmu cikin farin furen kofi, na yi fatan Bijli ta kayar da ita. Ina kan sallaya tunanin ya zo mini, kuma ban kore shi da wuri ba.

Lafiyata ƙalau. Tsohuwar da nake jinya ta rage faɗa. Ɗakina ba taga, saboda haka ba abin da ke raba ni da tasbihi.

Kin ce mini a waya kina dariya, "Haba Apa, yayata, ke da ke shan sanyin na'ura, me za ki yi da warin doki?" Kwana uku kacal furen nan yake yi, Tabassum. Shekara tara rabona da ƙamshinsa, baƙi masu biyan kuɗi kuwa suna ta shaƙa.

Allah ya ƙaro miki su. Sai da na maimaita addu'ar nan kafin zuciyata ta amsa.

Ki ce su sassauta wa Bijli linzami, ba ta son ja. Yau na lura, da na buɗe hoton da na yi wa Allah alkawarin ba zan sake kallo ba. Ban cika alkawarin ba.

Yayarki,
Mehrunnisa