Wasa da Bagobiri ba cin mutunci ba ne

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon karkararmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Ranka ya daɗe, ni ce matar da ka dakatar da shirinta na gaishe-gaishe, wai don na ci mutuncin wata ƙabila.

Na ɗaya, abin da na faɗa ban janye ba. Malam Idi, wani dattijon Cadakori, ya bugo yana gaida ɗiyarsa da ke aure a Agiye. Na ce ya ɗan janye kumatu daga wayar, kada tsagen Gobir ya yage mana layi. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya rama da cewa mu Katsinawa bayinsu ne, baki kawai Allah ya ba mu. Kai kuwa kana buro, ofishinka, ka ji rabin maganar, ka aiko a rufe shirin.

Na biyu, ni Bakatsina ce haifaffiyar Gazawa. Kakana daga kudu ya tsallako da jakinsa da ƙwaryar iri. Mijina Bagobirin Tibiri ne, tsage har kunne. Ran da aka kai ni gidansu, surukata ta dube ni ta ce an kawo mata baiwa, na ce na zo koya musu wanka ne. A ranar ta ba ni ɗakin da ya fi kyau. Na karanta littattafan zaman lafiyar da ka karanta a lakol, makarantar boko, har da waɗanda ba ka kai ba. Ban ga wanda ya kashe rigimar gona da sauri kamar wannan wasa ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Shirin nan ba nawa ba ne. Daga ƙauyukan Gidan Rumji har ƙarshen Gazawa, mun aurar da juna, mun bazu. Tsohuwar da ba ta da waya tana jingina rediyo a gindin turmi don ta ji ko ɗiyarta ta sauka lafiya. Ɗiyar Malam Idi watan haihuwarta ya kama. Matarsa, uwar yarinyar, kullum tana kunna rediyo don ta ji labarinta, sai kiɗa kawai take ji.

Amma ka zo ka ga abin mamaki! Jiya mota ta tsaya ƙofar gidana, maƙil da Gobirawa, su da ka ce kana karewa. Har da Bafillatanar da ke kawo mana nono ta biyo su. Sun cinye mini tuwo, sun zage ni tas, sun ce in gaya maka ba su aiki kowa ya ji musu haushi ba. Rabona da farin ciki irin wannan har na manta.

Don haka ina roƙo: ka maido da shirin kafin yarinyar nan ta haihu, don uwarta ta ji daga bakina. Sannan ka fito daga buro ranar kasuwar Cadakori, ka zauna a rumfar mai shayi. In sun girmama ka, to har yanzu baƙo ne kai. In wani ya tsokane ka, ka gode wa Allah, ka rama.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka, ya haɗa ka da suruki Bagobiri.

Wassalam.

Rabi ta Gazawa