Yau Na Rama wa Bitrus

Laraba da dare, Yuli 2007, Zuru

Yau na rama, kuma ko kaɗan ban ji kunya ba.

Ni na raba saba, wato babbar kwamfutar kwalejinmu, gida uku: jarrabawa, laburare da ofishin ma'aikata, kowanne da nasa rabon ƙarfin kwamfutar, wato memori da firosesa. Makon jiya Bitrus, wanda ni na koya wa aikin, ya kwashe memorin jarrabawa ya ƙara wa laburarensa don ya burge Oga. Aikin jarrabawa ya tsaya cak. Ɗalibai suna layi cikin rana suna jiran sakamako, wasu tun daga Bena. Oga ya wanke ni tas a gabansu, Bitrus na tsaye ya bar laifin a kaina.

Yau baƙi suka zo daga Birnin Kebbi ganin laburaren. Da safe na canza kalmar sirri, na janye abin da ya sata, na ƙara rage nasa. Bitrus ya danna kwamfuta a gaban baƙin, shiru. Ya sake dannawa, ba abin da ya buɗe.

Ya biyo ni baranda. "Anti Rifkatu, don Allah ki rufa min asiri."

Na ce, "Je ka gaya wa Oga abin da ka yi."

Ya je. Har bakin get ana jin muryar Oga.

Ɗazu Mama ta yi mana addu'ar yafe wa juna, na ce amin can ƙasa-ƙasa. Sai Juma'a zan mayar masa da rabonsa, in na ga dama.