Kututturen Baba

Litinin, 5 ga Agusta, 2002
Lawal, maƙwabcina a rumfar mahauta, ya ce kututturena yana wari. A gaban masu saye! Kututturen kirya da Baba ya sari nama a kansa shekara talatin, ni kuma takwas. Hancin Lawal ne ya ruɓe. Da aka watse dai na sunkuya na shinshina. To, ai damina ce.

Laraba, 7 ga Agusta
Na kankare samansa da gizago, na cire kusan kaurin yatsa, na dirje shi da gishiri. Tsagar nan ta tsakiya ce ba ta kwanta min ba. Na zura tsinke, bai taɓo ƙasa ba, kuma ya fito baƙi ƙirin, da danshi.

Alhamis, 8 ga Agusta
Baba kan ce in an kankare, a shanya kwana uku kafin a sa mai. Ina ranar take? Kullum hadari. In kuma na rufe kwana uku, Lawal ya kwashe min mutane. Na narka kakin zuma na toshe tsagar, na shafe ko'ina da man gyaɗa. Sai sheƙi yake kamar goshin ango. Warin ya ɗauke.

Asabar, 10 ga Agusta
Sarkin Fawa Dabo ya tsaya a kaina. Bai yaba ba. Ya danna kakin da farce, ya ce, "Mainasara, ka san abin da ka rufe a nan? Yanzu Shari'a ake. In wani ya cutu, ba gabana za a kawo ka ba, gaban alƙali ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, kirya ba ta ruɓewa." Ya ce Allah ya sa, ya wuce.

Talata, 13 ga Agusta
Wata mai sayar da tuwo a tashar Zango, da ke sayen nama a wurina, ta ce duk wanda ya ci miyarta jiya ya wuni zawo. Na ce ta binciki ruwanta. Muryata ta yi ƙarfi fiye da yadda na so.

Alhamis, 15 ga Agusta
Raihana. 'Yata, shekararta huɗu. Amai tun azahar. Guntayen da nake tattarowa daga kan kututture in kai gida, ita ake soya wa.

Juma'a, 16 ga Agusta
Asibiti, ƙarin ruwa. Idanunta sun faɗa. Likita ya ce me ta ci? Na ce tuwo. Uwarta, Kande, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Wallahi da ma zagina ta yi. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Asabar, 17 ga Agusta
Da sassafe na sa bakin wuƙa na ɓamɓare kakin. Abin da ke motsi a ciki, ba zan rubuta ba. Na jawo buhu na rufe. Ban yi yanka ba yau.

Laraba, 21 ga Agusta
An sallamo Raihana. Ta sha koko, ya zauna, alhamdu lillahi. Tun Litinin a kututturen Lawal nake sara, aro ne kawai. Na Baba kuwa na sa an gangaro shi gida, wai in gyara shi a natse. Da la'asar na ji ƙarar gatari a tsakar gida, inda aka ajiye shi, ban leƙa ba. Kande ta kawo tuwo, ta ce yau wutar ta yi kyau. Na ce madalla. Na ci.