Dabino Uku-Uku

Ƙuba, Madina
9 ga Sha'aban, 1421

Yaya Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da Malam da yara kuna lafiya, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi. Mu nan sai godiya.

Ƙara na kawo miki, tunda ke malama ce. 'Yata Hiba ta sake ɗebo sifili a lissafi. Babanta ya ce in ta faɗi jarrabawar bayan salla, Funtuwa zai aiko ta wurinki. Na san ba za ki cuce ta ba, amma wallahi ba zan iya rabuwa da ita ba. Shekararta takwas fa.

Na gwada hanyar Baba, Allah ya jiƙansa, hadda har baki ya bushe. Tana rerawa tiryan-tiryan, amma ki tsinko mata huɗu sau uku daga tsakiya, sai ido. Ga sabuwar malamarsu, Abla Ruƙayya, jikar Hausawa ce, Hausar dai sai a hankali. Wai a ajiye hadda tukuna, kowace yarinya ta tara ƙwallayen dabino, su jera layi-layi, su ƙulla goma-goma a leda. Abin da nake sharewa shi ya zama kayan karatu! Jiya na juye gwangwanin ƙwallayenta a bola, Hiba ta wuni tana kuka. Don Allah wannan karatu ne ko 'yar carafke?

Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Hannatu

Ƙuba, Madina
20 ga Ramadan, 1421

Yaya Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa, ya ibada, ya jikin Inna? Wasiƙarki ta iso ta hannun Alhaji Idrisa. Na sha faɗan, na kuma mayar wa Hiba da gwangwaninta kamar yadda kika ce.

Maƙwabciyarmu Hajiya Maiturare tana da shimfiɗar buɗa-baki a Masallacin Annabi, ɓangaren mata, tun zamanin mahaifiyarta. Bayan la'asar mukan je mu taya ta. Kowace mace burodi, kindirmo da dabino uku, don a nan ba a ba mutum biyu ko huɗu, wutiri ake so.

Ranar Talata Hiba ce ta ƙulla dabinon tun a gida, goma-goma irin na Abla, ƙulli takwas. Da muka shimfiɗa, sai ta tsaya tana duban wuraren zama, sahu biyu, goma sha huɗu a kowanne. Ta motsa yatsu, ta ja mayafina ta ce, rabi Hausa rabi Larabci, dabino ba zai kai ba, huɗu za a rasa. Na harare ta, na ce ta rufe baki a gaban manya. Muka yi ta rabo. Yaya, ta kusa da ƙarshe biyu ta samu, ta ƙarshe ko ɗaya! Masu shimfiɗar gefenmu suka cika mana. Hajiya ta yi ta dariya, ta ce daga yau Hiba ce mai rabo. Kunya ta kama ni, amma daɗi ya fi ta yawa.

Washegari ta zaunar da ni ta nuna mini ɗebewa. In ƙwallayen ba su isa ba, sai ta kwance ƙulli ɗaya na goma. Shekara nawa ina cewa na ari ɗaya, ban taɓa sanin inda nake arowa ba, sai a hannun 'yata. Kada ki gaya wa kowa.

Babanta yana gefe yana kallonmu. Da aka kira magariba ya ci dabinonsa uku, sai na ga ya miƙe ya wuce kwandon shara, ya je ya zuba ƙwallayen a gwangwanin Hiba. Tun ranar ban sake jin Funtuwa a bakinsa ba.

Gadon da kika ce kin gyara mata, ki ba wata. Kwalin dabino na nan tafe, ku ci, amma kada ku zubar da ƙwallayen.

Allah ya karɓi ibadunmu.

Ƙanwarki,
Hannatu