Bizar Nafi'u Ta Maƙale

Laraba, bayan isha'i, Dangora

Nafi'u ya bugo waya daga ƙasar Tailan. Makarantar da ya bar koyarwa a cikinta ta ƙi ba shi takardar sallama, don haka bizarsa ba ta koma sabuwar makarantar ba. In ya taho duba jikin babansa yanzu, sabon aikin ya tafi.

Na ce, "Ka fice wa mutane ba bankwana, haka na rene ka?"

Ya ce, "Umma, ke fa kika ce kada in ƙara kwana tunda suna hana ni zuwa Juma'a."

Ni na faɗa kuwa.

Malam ya kasa shan kunu yau. Sau biyu yana tambayar yaron. Na ce yana hanya. Ni da nake zane 'ya'yana a kan ƙarya. Allah Ka yafe mini.