Ladi, Ni Ma Na Koma Kan Ƙanƙara

Zuwa ga aminiyata Ladi, a Denver.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ina fata wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da duk wanda ke tare da ku. Mu nan Greensboro sai godiya. Baban Ummi yana gaishe ki da kyau.

Za ki yi mamakin ganin saƙona gare ki a shafin intanet da kowa ke karantawa. Na kira ki har na gaji, kullum amsar ɗaya ce, ita ma sai an kwana biyu: "Yi haƙuri, ina kan dutse, babu sabis." Tunda nan kike leƙowa ki saka hotunanki, to nan zan ajiye miki. Ku kuma masu karatu ku ɗan matsa gefe, da ƙawata nake magana.

Haushinki nake ji, Ladi. Gara in faɗa tun da wuri, kada ki karanta rabi kina zaton yabo ne.

A wajen wani suna abin ya faro, can Summerfield, gidan wata Hajiya da ba ki sani ba. Muna zaune a falo ana rabon shinkafa, sai wata ta miƙo waya tana cewa mu zo mu ga ikon Allah. Ke ce. Kina zamiya a kan dogayen alluna biyu da aka ɗaura a ƙafa, kina saukowa daga wani dutse mai tsawon gaske, dusar ƙanƙara tana tashi har ƙugunki, bakin ɗankwalinki ya leƙo ta ƙarƙashin hular kwano. Wayar ta zagaye falon hannu zuwa hannu. Wata ta rantse ba ta taɓa jin Bahaushiyar da ta iya wannan wasa ba sai ke.

Sai Ummi, 'yar da na haifa, wadda yanzu take jami'a, ta ɗaga murya da Turancinta ta ce ai Anti Ladi ce, ƙawar mamanta, kuma kin gayyace ta hutun Disamba za ki koya mata. Wata ta tambaye ta me ya hana uwarta ta koya mata. Ta ce, "Mama? Mama ko firiji ba ta son buɗewa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma shinkafar nan ban ƙara taɓa ta ba.

Ladi, wa ya koya miki?

Kin tuna lokacin da kika sauka daga Zariya kika same ni a ɗakinmu na ɗalibai, da rigunan sanyi har uku a jikinki kina rawar ɗari? Ni a lokacin ina wanke-wanke a kicin ɗin wani otal a kan dutse duk hutun sanyi, kuma ma'aikata ba sa biyan kuɗin hawa. Can na koya, da faɗuwa da tashi. Ni na ja ki zuwa wurin. Ni na durƙusa na ɗaure miki takalmi. Na juya baya ina zamewa a gabanki, na riƙe bakin allunanki da hannu biyu, ke kuma kina kuka kina cewa, "Ramatu, in kika sake ni ban yafe ba." Na sake ki ba ki ma sani ba, sai da kika kai ƙasa.

Daga nan aure ya kawo ni nan, ke kika zauna kusa da duwatsunki. Ni nan abin da nake gani ta taga shi ne filin golf na Sedgefield, shimfiɗe kamar tabarma. Ga haihuwa, ga tsayuwar yini a kantin magani a titin Wendover, ga gwiwar hagu da aka yi wa aiki. Shekara ashirin da ɗoriya ban taka ƙanƙara da gangan ba. Ban taɓa ba yara labarin ba, don ko ni in na tuna sai in ji kamar labarin wata ce. Amma ke da kike ta hira da Ummi a waya har kika shirya mata tafiya ban sani ba, ko sau ɗaya bakinki bai suɓuce ya ce mata uwarki ce malamata ba?

Washegarin sunan na shiga gareji. Allunana na zamiya suna nan bayan firiza, dogaye siraru, sun fi ni tsawo. Ashe duk shekarun nan yara sun ɗauka na mutanen da suka sayar mana da gidan ne. Na jawo takalman na kakkaɓe, na zura ƙafa da ƙyar. Ina lanƙwasa gwiwa sai na ji ƙas! Robar ta tsage tun daga idon sawu har ƙasa. Na zauna a kan buhun shinkafa da takalmi ɗaya a ƙafa, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Ranar da ba ni da aiki na kutsa cikin cunkoson Wendover na tafi kantin da ke sayar da kayan. Wata Baturiya mai furfura, sa'armu ko ta ɗan girme mu, ita ta tarbe ni. Ban ɓata lokaci ba, na buɗe hotonki na nuna mata, na ce irin waɗannan nake so, alluna da takalma duka.

Ta yaba hoton, ni kuwa kamar ta zuba min barkono. Sannan ta tambaye ni inda zan yi wasan. Na ce duwatsunmu na nan, wajen Boone. Ta ce to naki allunan masu faɗi ne don kada ki nutse a dusa mai zurfi, mu kuma tamu ƙanƙarar yawanci inji ke yin ta, mota ta bi ta daddanne ta, ta bar ta layi-layi kamar an taje kai. A irin wannan gangare mai tauri, allo mai faɗi wahalar karkatawa gare shi, kuma gwiwa ce ke shan wahalar. Ta ɗauko min wasu da tsakiyarsu ba ta wuce faɗin yatsu huɗu ba, kai da gindi sun ɗan buɗe, tsawonsu iyakar haɓata. Kusa da naki sai suka yi kama da na yara. Na ce ba na so.

Ba ta yi gardama ba. Ta ce mu bar maganar allo tukuna, shi ana iya haya a gwada, takalmi ne ba a wasa da shi. Ta auna ƙafafuna tsawo da faɗi. Ladi, ƙafata ta buɗe. Ba ƙafar da kika sani ba ce, wadda muke musayar takalman biki. Ciki bayan ciki da tsayuwar kanti sun baje ta, ƙwabrina ma ya yi kauri.

Duk da haka na nace sai ta kawo min masu tauri irin naki, na gwanaye. Ta kawo. Muka yi kokawa ni da ita kafin ƙafar ta shiga, ta ɗaure maƙallan, ta ce in tura gwiwa gaba. Na tura, takalmi ya ce bai san zancen ba. Na sake turawa har gumi ya karyo min. Kafin wani lokaci yatsuna sun mutu, gwiwar da aka yi wa aiki ta fara zugi. Ina tsaye a gaban madubi, na ga wata mata mai jiki cikin abaya da takalman da suka fi ƙarfinta, ta haɗe rai saboda wata da ke can wata jiha ba ta ma san ana yi ba. Na ce a cire min.

Na biyun masu sauƙin lanƙwasa ne, masu faɗin gaba, wuyansu gajere don kada su cije ƙwabri. Ta sa na cire safar ulu mai kauri da na zo da ita, ta ba ni siririya guda. Ta ce in na miƙe tsaye yatsu su ɗan taɓa gaba, in na lanƙwasa su ja baya, dunduniya kuma kada ta ɗaga ko kaɗan. Haka kuwa aka yi. Ta gasa cikinsu a wani ɗan inji, na sa da ɗuminsu, na yi ta zagaya kanti har suka ɗauki siffar ƙafata. Ban taɓa sa takalmin ƙanƙara da bai cuce ni ba sai ranar. Na saye su. Launinsu toka-toka ne, babu wanda zai miƙa wa wani waya don ya gani.

Na fita ina tunanin inda kika samo gwiwoyinki. Shekarunmu ɗaya, tuwo ɗaya muka ci. Me ya sa naki suka tsaya?

Ban gaya wa Ummi komai ba. Da aka buɗe wuraren wasan, muka tafi ni da Baban Ummi a tsakiyar mako. Shi ya zauna a ɗakin hutawa da fulas ɗin shayi da carbi, ya ce in na karye kada in ce bai faɗa ba. Wurin haya suka tambayi nauyina da shekaruna don su saita maƙallin da ke sakin takalmi in an faɗi. Na so in rage, sai na tuna gwiwata ce a ciki, na faɗi gaskiya da ƙaramar murya.

Taurin kai bai bar ni ba, allunan nan masu faɗi irin naki na fara karɓa. Ladi, kamar na ɗaura ƙyauren ɗaki a kowace ƙafa. Suna ta karkarwa a kan ƙanƙara mai tauri, in na ce dama su ce hagu. Na faɗi a gaban wasu yara 'yan makaranta, na tafi da baya har ƙasa. Na mayar da su, na karɓi irin gajerun da Baturiyar nan ta nuna min.

Na hau kujerar da ke kai mutane sama ina karanto duk addu'ar da na sani. Na tsaya a bakin gangare, layukan da mota ta bari suna nan ba wanda ya taka. Na saki jiki. Na ɗan karkata gwiwa kawai, sai allunan suka juya da kansu, ba irin namu na da ba da sai an yi tsalle an murɗa su. Na sake karkatawa, suka sake juyawa. Sai ƙarar nan ta dawo kunnena, shuu, shuu, iska tana dukan haƙorana don na kasa rufe baki. Jikina bai manta ba. Da na kai ƙasa hawaye sun daskare min a kumatu, kuma kin san wanda na fara nema da ido? Ba Baban Ummi ba. Ke. Na ji haushin hakan ma.

A hanyar komawa gida muka biya kantin na sayi gajerun.

Da Ummi ta gama jarrabawa na ce ta shirya ta raka ni unguwa. Ba ta gane ba sai da muka isa dutsen ta ga na fito da kaya daga but ɗin mota. Na ce ta tsaya a ƙasa ta jira ni. Na hau, na sauko, na tsaya daidai gabanta har ƙanƙara ta fantsa mata a wando. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Can ta ce, da Hausa kuwa, Hausar da sai an roƙe ta take yi, "Mama, ke ce?"

Yinin ranar nawa ne. Na zaɓa mata takalman haya da kaina, na mayar da na farko don dunduniyarta tana ɗagawa. Na koya mata yadda za ta haɗa bakin alluna ta tsaya, da yadda za ta tashi in ta faɗi. Kafin la'asar ta sauko ƙaramin gangare ita kaɗai, ta faɗo jikina tana ihu. Na rungume ta, zuciyata fal. Sai ta zaro waya ta ce, "Mama, ɗauke ni bidiyo in tura wa Anti Ladi!"

Na ɗauka. Hannuna ne ya riƙe wayar a bidiyon da kika sa wa alamar zuciya har uku. Muryar da kike ji tana cewa "lanƙwasa gwiwa" tawa ce.

Jibi za ta taso. Na so in hana, na ma shirya dalilai, amma na ga yadda take ninke kaya tana waƙa, na haɗiye. Za ki kai ta inda ni ba zan iya kai ta ba, wannan na sani, kuma shi ne ke ci na. Za ta ga duwatsun da suka sa namu suka zama tudun shuka. Za ta dawo kowace magana Anti Ladi ta ce, Anti Ladi ta yi.

To ga amana. Ƙafarta ta dama ta ɗan fi ta hagu girma, a auna duka biyun. Kada ki ba ta masu tauri don kina ganin tana da ƙarfi. Kada ki shigar da ita dusa mai zurfi sai ta ƙware a inda aka gyara. Ba ta faɗa in sanyi ya kama ta, sai dai ki ga ta yi shiru tana murmushin da bai kai ido ba, to a lokacin ki shigar da ita ciki ki ba ta abu mai zafi. In ta ji tsoro surutu take yi da yawa. Ki tuna mata salla, a kan dutse lokaci gudu yake.

Allah Ya kai ta lafiya Ya dawo min da ita lafiya. Allah Ya tsare ku daga karaya da targaɗe, Ya ƙara wa gwiwoyinki ƙarfi, na faɗa da zuciya ɗaya ko da yake da ƙyar ta fito. Allah Ya yaye min abin da nake ji in na ga hotunanki, Ya bar mu tare har tsufa. Amin.

In kun hau kujerar nan ku biyu, kuna lilo a sama babu abin yi sai hira, ki ba ta labarina. Na lokacin da ba ni da tsoro. Ni in na faɗa ba za ta yarda ba, amma ke duk abin da kika ce gaskiya ne a wurinta.

Taki har kullum, mai kewarki da jin haushinki,
Ramatu, Maman Ummi.